Alhamis: Wazobiyar Maigatari da Kwabon Gwaggo

Yau Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, saboda haka bayan sallar asuba na bi motar da ke kwasar mutanen ƙauyenmu ta hanyar Gumel domin in sayo kanwa da igiyar ɗaure tumaki. Na daɗe da wata ɗabi'a da iyalina suke yi mini dariya a kanta, wato duk canjin da aka miƙo mini sai na juya shi gaba da baya kafin in sa a aljihu, kuma yau ɗabi'ar ta yi mini rana.

A cikin canjin da mai kanwa ya ba ni akwai wata wazobiya da ta sha hannu har launinta ya koɗe, amma da na ɗaga ta a rana sai na ga tambarin cikar Nijeriya shekara 50 da samun 'yancin kai. Irin wadda Babban Bankin Nijeriya ya fitar ce a 2010, kuma na daɗe ban ci karo da ita ba. Mai kanwar ya zaci ina zargin jabu ce, har ya ce, “Malam, kawo in sauya maka,” na ce masa ya bar mini abata. A kasuwa darajarta naira 50 ce ba ƙari, kuma ko mai tara tsofaffin kuɗi ba zai yi zumuɗin saye ba tunda ta tsufa haka, sai dai ni wadda nake da ita a gida ta fi wannan lalacewa.

A cikin mota na yi ta tunanin yadda abin yake a wasu ƙasashe. Amurka ta buga wa kowace jiha cikin jihohinta 50 sulallanta na musamman tsakanin 1999 da 2008, ƙasashen Turai masu amfani da yuro kuma tun 2004 suke buga sulallan tunawa na yuro 2, waɗanda mutum kan tsinta a canjin burodi. Mu kuwa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannunmu. Sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007 ba su yi farin jini ba, yau ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka. Abin tunawar da ya rage mana a canji takarda ce, wato wannan wazobiya da kuma naira 100 ta 2014, wadda aka yi don cikar shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa. Ita wannan ta cika gari har mutane sun manta cewa ta tunawa ce, ko da yake dattawa ba su manta an cire rubutun ajami daga jikinta ba.

Bayan la'asar na leƙa gidan Gwaggo don in kai mata kanwarta, na tarar da jikanta, ɗan yayana, ya zazzage wani tsohon gwangwanin alawa a kan tabarma yana tsince-tsince. Wai ya ji a waya cewa ana sayen kwabo mai huji miliyoyin naira, kuma wani ya yi masa alkawarin haɗa shi da mai saye idan ya fara tura kuɗin gwaji. Ya ce, “Baffa, ka duba mana, wallahi arziki ne a kwance a ɗakin nan.” Gwaggo tana gefe tana tsinke zogale, ta ce, “Ɗan nan, duba masa ko hankalinsa ya kwanta, tun safe ya hana ni sakat.”

Na zauna na rarraba su. Akwai tsofaffin kuɗin da aka yi amfani da su kafin zuwan naira, wato anini biyu, da dari, da kwabbai masu huji, da taro, da sisi, da sulai da dama, da fataka guda, sai kuma sulallan da suka zo da naira a 1973, ciki har da kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa, wanda ganinsa kaɗai ya sa Gwaggo ta ajiye zogalen ta shiga ba mu labarin lokacin da mahaifinta yake kai gyaɗa kan sikeli a jaki. Mafi yawan masu hujin na 1959 ne, shekarar da Nijeriya ta fara kuɗinta na kanta, kuma an buga su da yawan gaske.

Guda ɗaya ne ya tsayar da ni. Fari ne, yana da huji a tsaka da tauraro mai tsini shida, da rubutun larabci a ƙarƙashin hujin, kuma shekararsa 1936. Da na goge ƙurar da bakin rigata sai sunan Sarki Edward na Takwas ya bayyana, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a farkon wannan shekara ya kuma yi murabus a watan Disamba. A can Ingila ba a kai ga sakin sulalla da sunansa ga jama'a ba, amma an buga wa Afirka ta Yamma, domin kwabonmu huji ne a tsakiyarsa, ba ya bukatar hoton fuska, suna ya wadatar. Na karkata shi ga haske na ga ɗan ƙaramin harafin H, alamar cewa a Birmingham aka buga shi.

Yaron ya ga fuskata ta sauya, ya tabbatar wa kansa cewa an dace. Dole na rage masa zafi. Na gaya masa cewa shi ma wannan an buga shi da yawa, kuma masu wannan harka ba tsufa suke saye ba, ƙarancin abu suke bi da kuma lafiyarsa, ta yadda kwabon da bai taɓa shiga kasuwa ba yakan ninka wanda ya sha hannu sau da yawa. Na kuma hana shi abin da ya riga ya shirya, domin na ga toka da rabin lemon tsami a gefensa, kuma dirzar tsohon kuɗi tana kankare rubutun ne ta zubar da ɗan abin da ya rage na darajarsa. Game da mai neman kuɗin gwaji kuwa, na tambaye shi ko ya taɓa ganin mai sayen akuya da ke karɓar kuɗi a hannun mai akuyar. Bai ba ni amsa ba, ya tashi ya fita yana latsa waya.

Gwaggo ta mayar da komai cikin gwangwanin, ta ware fatakar ta ɗaure a bakin zane, ta ce tana cikin kuɗin sadakinta, ba mai taɓa ta sai bayan ranta. Kwabon 1936 kuwa ta tura mini shi da ɗan yatsa ta ce, “Ɗauki, kai da ka iya karanta sunan mai shi.”

Yanzu bayan isha'i na naɗe shi a farar takarda, na rubuta shekararsa da harafin da ke jikinsa da sunan gidan da ya fito, na ajiye shi tare da wazobiyar a akwatin littattafaina. Gobe bayan Juma'a zan nemi yayana mu yi maganar yaron kafin ya tura wa wani kuɗin takin da aka ba shi ajiya.