Daren da Kansas suka buga ba Bill Self

Jiya ina share hotuna a waya na ci karo da hoton sakamakon wasan ƙwallon kwandon nan na Maris 2023, Arkansas 72 Kansas 71, wallahi sai raina ya sake ɓaci kamar yau aka yi. A waya na kalla, an ɗauke wuta, caji na ta ƙarewa ina ta addu'a.

Kansas fa su ke riƙe da kofin kwando na jami'o'in Amurka na 2022, amma kocinsu Bill Self ya kwanta asibiti an yi masa aikin jijiyoyin zuciya, sai mataimakinsa Norm Roberts ya riƙe yaran. Ni ban ga laifin Roberts ba, mutumin ya san aiki, har jami'ar Howard suka lallasa a zagayen farko na gasar. Amma da Arkansas suka taso bayan hutun rabin lokaci, ɗan wasansu Devo Davis na ta zuba ƙwallo ba kama hannun yaro, sai ka ga yaran Kansas suna waigen benci, wanda suka saba ya daka musu tsawa ɗaya su dawo hayyacinsu kuma baya nan. Maki ɗaya tal fa!

Shi kuwa Musselman kocin Arkansas har riga ya tuɓe don murna, ni na kife wayar na kwanta.