Na kori Auta daga falo

Jiya da daddare na kunna fim ɗin Joker, ƙanina ɗan shekara 12 yana gefe yana cin gyaɗa. Da aka zo inda aka caka wa wani almakashi a wuya, sai na ga ya daina tauna. Na ce, "Auta, tashi ka tafi wajen Umma."

A Amurka tambarin R aka ba fim ɗin, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. An daɗe ana cewa hakan yana rage ciniki, amma a 2019 ya haura dala biliyan 1, ko a Sin ba a nuna shi ba. Ni dai ba jinin ya riƙe ni ba, wulaƙancin da gari ya yi wa bawan Allah nan, shi Joker ɗin, ne.