Abin da Littafina na Farko Ya Koya Mini Bayan Ya Fito Daga Maɗaba'a

Ranar da mai A Daidaita Sahu ya sauke mini kwalaye goma a ƙofar gida, kowanne ɗauke da kwafi 100 na littafina na farko, na zauna a zaure na farke guda ɗaya, na zaro littafin ina juya shi ina shaƙar ƙanshin sabuwar takarda, zuciyata tana raya mini cewa wahala ta ƙare. Shekara uku na shafe ina rubuta labarin, yawanci bayan sallar Asuba kafin in wuce makarantar da nake koyar da lissafi, kuɗin bugun kuma daga adashi ya fito. Bayan wata shida kwalaye bakwai suna nan jingine da bangon ɗaki, har maiɗakina ta shimfiɗa musu ƙyalle tana jera kwanukanta a kai, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban nemi jin ta bakinta ba.

Ban zaɓi buga littafin da kaina don nuna jarumta ba, hanyar da na tarar ke nan. Ƙagaggun labaran Hausa na boko a hannun hukuma suka fara, tun daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, sannan Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da ya biyo baya a 1966 suka riƙe harkar ɗab'i na tsawon lokaci. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta masu tabbacin ciniki, sai matasan Kano suka daina jiran kowa, suka riƙa tara kuɗi suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, har manazarta suka laƙaba wa abin da suka samar sunan Adabin Kasuwar Kano. Da waɗannan littattafai na tashi, ina karɓo su haya ina karantawa a ɓoye. Na gaji hanyarsu ta bugu, amma ban tsaya na duba ko kasuwar da ta riƙe su tana nan yadda suka san ta ba.

Darasin farko ya zo mini tun rubutun yana hannuna. Abokai uku na ba su karanta, dukkansu suka ce ya yi daɗi, ni kuwa na ɗauki hakan a matsayin shaida, alhali mai ƙaunarka kunyarka yake ji, ba zai iya gaya maka cewa babinka na biyu yana sa barci ba. Wani dattijon marubuci da na haɗu da shi a zaman karatu na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, reshen Kano, shi ne ya riƙe rubutun mako biyu ya dawo mini da shi jajur da biro. Ya ce mini, "Malam, labarinka bai fara ba sai a shafi na 40. Duk abin da ke gaban wannan share fage ne, mai karatu kuwa ba ya biyan kuɗin share fage." Rabin abin da ya ce in cire na cire, sauran na kasa rabuwa da shi saboda wahalar da na sha wajen rubuta shi, kuma har yau duk wanda ya gaya mini cewa ya fara littafin ya ajiye, na san a daidai wurin da ya tsaya. Dattijon ya kuma nuna mini cewa jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Na haɗe "za ta" ya koma kalma ɗaya, na raba "yana" gida biyu, ban bambanta "a kan" na wuri da "akan" na sabo ba, irin kurakuran da mai magana ba ya jin su a kunne amma suke rage wa littafi daraja a idon malami da manazarci.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa sun kusa jawo mini abin kunya. Na miƙa wa maɗaba'a rubutun yadda na buga shi a kwamfutata, su kuma suka buɗe shi a tasu wadda ba ta da irin zubin haruffan da na yi amfani da shi, sai ma'aikacinsu ya ga alamomin tambaya sun cika shafi, ya bi su yana mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ɗaki ya koma daki, ɓata ta koma bata. A wani wuri da jarumin labarin yake kare matarsa a gaban mahaifiyarsa game da zargin da aka yi mata yana cewa "ƙarya ce", abin da ya fito a samfurin shi ne "karya ce". Allah Ya taimake ni na gani kafin inji ya fara aiki, amma an riga an haɗa faranti na sashe biyu, wato abin da inji yake ɗaukar rubutu daga kansa ya buga a takarda, kuma ni na biya kuɗin sake su. Tun daga ranar ba na miƙa aiki sai a kulle cikin PDF, ba na kuma yarda a taɓa faranti sai na karanta samfuri daga bango zuwa bango na sa hannu.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne lissafi, tun da shi nake koyarwa. A bugun faranti akwai kuɗin da ba ya sauyawa ko kwafi 200 za a buga ko 2,000, don haka idan yawan kwafi ya ƙaru sai farashin kowane ɗaya ya sauko, kuma da wannan hujja mai maɗaba'a ya shawo kaina na tashi daga 500 zuwa 1,000. Maganarsa gaskiya ce, sai dai lissafinsa ya ƙare ne a bakin ƙofarsa, nawa kuwa daga nan ya fara, domin araha ba ta da amfani a kan kwafin da ba a sayar ba. Ga kuma batun takarda. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa, daga waje ake shigo da mafi yawan wadda ake buga littafi da ita, saboda haka farashinta dala yake bi. An ba ni farashi a watan Mayun 2023, a watan Yuni gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata daraja, da na koma da cikon kuɗina a watan Agusta sai na tarar farashin da aka ba ni ya zama tarihi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa, da kwafi uku da doka ta ce mai buga littafi ya ajiye a can, su ne mafi sauƙin abin da na yi a duk harkar.

Bikin ƙaddamarwa ba zan daɗe a kansa ba. Na kama ɗakin taro, na buga katin gayyata, na sayi lemo, manyan baƙi suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna sanar da kuɗin da za su sayi kwafi, jama'a suna tafi. Abin da ya shigo hannuna a ranar da kyar ya biya kuɗin ɗakin, ragowar alkawuran kuwa na bi su har na fara jin kamar ni ne mai laifi, sai na haƙura.

Kasuwa ce ta gaya mini gaskiyar da kowa ya ɓoye mini. Wani dillalin littattafai da ya shekara fiye da ashirin a harkar ya karɓi littafin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya dubi bangon, bai buɗe ko shafi ɗaya ba, ya ce, "Malam, wa ya san ka?" Na fara ba shi bayanin jigon labarin, ya katse ni cikin ladabi ya ce a zamanin da ake rububin littafi, marubuta kashi-kashi suke fitar da labari, na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne siriri mai sauƙin kuɗi, a yanke shi a daidai inda ran mai karatu zai biya, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Ni kuwa na kawo masa ƙaton littafi guda mai tsada, da sunan da ba wanda ya taɓa ji, a lokacin da mafi yawan masu karatun, waɗanda mata ne, suka koma waya. Ya karɓi kwafi 50 a kan sai an sayar a biya, kamar yadda sauran suka yi, kuma na gane cewa a wannan tsari marubuci ne yake ba kasuwa jari ba tare da ya sani ba. Wasu sun biya ni bayan watanni, wasu sun dawo mini da littattafan bangonsu ya koɗe da rana. Ban riƙe su a zuciya ba, domin su ma shagunansu ba kamar da ba ne.

Tambayar nan tasa ita ce ta zauna mini a rai, kuma ita ce ainihin abin da na koya. Na buga littafi kafin in nemi wanda zai karanta shi, alhali marubutan da suka fi ni wayo, yawancinsu mata masu rubutu a dandalin labarai na Wattpad da zaurukan WhatsApp, sai sun tara masu karatu tukuna, suna sakin shafuka na farko kyauta, idan labari ya kama mutane sannan su ce mai son ci gaba ya biya. A da ina raina wannan hanya, ina ganin littafi sai wanda aka riƙe a hannu. Da kwalaye suka ishe ni kallo, na sauke girman kai na fara sakin babi-babi a Facebook, na fara daga shafi na 40 ɗin nan da dattijo ya nuna mini. Na kuma ba wata mai karanta littattafai da murya izinin karanta babi biyar a tasharta ta YouTube. A cikin wata biyu na sayar da abin da ya fi na wata shidan farko, kuma ba ta hanyar shago ba. Mutum zai turo kuɗi ta banki, ni kuma in kai littafin tasha in ba direba, in tura wa mai saye lambar wayarsa. Ta haka littafin ya je Gusau da Azare da Kontagora, har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram, inda ban taɓa tunanin akwai mai jiran rubutuna ba.

Wayar da ta kawo mini masu saye ita ce kuma ta kawo ɓarayi. Wata rana wani ɗalibina ya nuna mini littafina cikakke yana yawo a wani zaure, an ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta taɓo har satar da ake yi ta intanet, amma malamin makaranta ba shi da kuɗi ko lokacin bin wanda bai san ko a wane gari yake ba. Na yi kwana biyu ina jin zafi, sannan wata baiwar Allah ta kira ni daga Funtuwa ta ce a wannan zauren ta karanta, hotunan ba su fita sosai ba, tana son na takarda kwafi uku, ɗaya nata biyu na ƙannenta. Ban ce sata ta zama alheri ba, asarar da ta jawo mini ta fi ribar, amma ta nuna mini cewa rashin a san ka ya fi a sace maka ciwo. Rufewar OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, a ƙarshen 2023 kuma ta sa na daina dogara da shafin wani, na sayi littafin rubutu mai kauri ina shigar da sunan garin kowane mai saye da lambarsa, da izininsa.

Yanzu ina tsakiyar littafi na biyu. Babi takwas na farko sun riga sun fita ga mutanen da ke cikin wancan littafin rubutu, kuma wata mai karatu daga Zariya ta riga ta sa na sauya ƙarshen babi na shida, domin ta ce babu matar da za ta amsa wa kishiyarta haka a gaban suruka. Na ware kuɗin mai gyara kafin kuɗin bango, na yanke shawarar ba zan wuce kwafi 300 a bugun farko ba, rabinsu kuma sai an biya kafin in doshi maɗaba'a. Kwalaye biyu ne suka rage na littafin farko, maiɗakina kuma ta ce kada in yi gaggawar sayar da na ƙasan, domin tsayinsa ya yi daidai da inda take ajiye fitila.