Yarona ba taurin kai yake yi ba, ji ne ba ya yi

Wajen shirya shi shiga makaranta babu abin da na bari. Tun yana jariri nake yi masa surutu, ya yi gwarancinsa in amsa kamar wata magana ya faɗa. Littafi mai hotuna, ƙirga, waƙa, duk an yi. Waya ma sai da ya cika shekara 2 ya fara taɓawa, bayan nan kuma ba ya wuce awa ɗaya a rana, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019. Wannan ba a kansa zan tsaya ba, kowace uwa ta ji shi.

Kunne ne abin da har yau idan na tuna raina yake ɓaci.

Wajen shekara 3 yaron ya canza. A yi ta ƙwala masa kira ko waiwaye ba ya yi. Maganarsa ta tsaya cak, yana cinye ƙarshen kalma. Kakarsa ta ce, "Ke dai kin cika damuwa, maza haka suke, ba sa saurin baki." Wasu suka ce kunnen ƙashi ne, a riƙa tsawata masa. Aka kuwa riƙa tsawatawa. Da yake an gwada jinsa lokacin haihuwa an ce lafiya, babu wanda tunaninsa ya je can.

Malamarsa ce ta gano, makonni kaɗan da fara zuwa aji. Ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mama, yaron nan bakina yake kallo. In ina fuskantarsa yana fahimta sarai, da zarar na juya wajen allo shi ke nan na rasa shi. Don Allah a duba masa kunne."

Likita ya leƙa ya ce ruwa ne mai kauri ya taru a bayan dodon kunne, duka biyun. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa kunne da bayan hanci. A yara gajeriya ce kuma a kwance take, mura kaɗan ke toshe ta. Abin haushin, sau da yawa ba ciwo, ba zazzaɓi, ba ruwan da ke fita. Yaro na wasansa, amma yana jin mutane kamar an sa masa yatsu a kunne. Yawanci ruwan kan janye da kansa cikin wata 3. Namu ya ƙi, sai da aka sa wa yaron ɗan ƙaramin bututu a dodon kunne.

Duk labaran da nake karanta masa da daddare ashe rabinsu kawai ke shiga. Wannan ne ya fi cina, sai kuma faɗan da ya sha a banza.

Ƙanwarsa yanzu, duk murar da ta daɗe, ina tsayawa a bayanta in kira sunanta a hankali, inda ba ta ganin bakina. Gwajin ranar haihuwa na ranar ne kawai, ba ya hana matsala ta zo daga baya. Kuma duk wanda ya ce mini "ai zai yi magana in lokaci ya yi", ina gode masa in wuce asibiti.

Shi kuwa yaron ya kusa kamo 'yan ajinsu, sai dai har yanzu "s" da "sh" suna rikita shi, muna kan yi. Waɗanda suka ce kunnen ƙashi ne, yanzu cewa suke dama su sun lura tuntuni.