Agogon Jos ya fi na Legas sauri: lissafin tafiya cikin lokaci

A samo agogo biyu masu inganci iri ɗaya, a saita su tare, a ajiye ɗaya a Terminus nan Jos, a kai ɗayan bakin teku a Legas. Kafin gobe war haka, na Jos ya wuce ɗan'uwansa da kusan nanosakan 11. Nanosakan shi ne a raba sakan ɗaya gida biliyan a ɗauki gida guda. Sanyin Jos ba shi da hannu a ciki, tudu ne ya jawo. Garin yana kan tsayin mita 1,200 ko sama da haka kaɗan daga teku, kuma tun 1915 Albert Einstein ya nuna cewa inda ƙarfin jan ƙasa ya fi yawa, lokaci ya fi tafiyar hawainiya. Mai nisa da cikin ƙasa, agogonsa ya fi gudu.

Lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba, sai dai a kwantar da ita a gicce don ta buɗo ta kimiyya, in ba haka ba sifilai za su cika mata ciki. A ɗauki tsayin wuri da mita, a ninka da 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa. Abin da ya fito a raba shi da gudun haske da aka ninka da kansa, 9 ke nan mai sifili 16 a bayanta. Sai a ninka da 86,400, adadin sakan da ke cikin yini da dare. Na Jos zai ba da nanosakan 11 a rana, maikrosakan 4 a shekara (maikrosakan ɗaya nanosakan dubu ne). Dattijon da ya yi shekara 70 a Unguwar Rogo bai taɓa sauka daga Filato ba, ya girmi tagwaicinsa na Legas da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu uku na sakan ba. Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne saka tsayi da kilomita maimakon mita, amsa ta ragu sau dubu. Sannan wannan hanya a kusa da doron ƙasa kaɗai take aiki. In aka yi nisa sama, 9.8 ɗin kanta ta ragu, dole a canza lissafi.

Agogon hannu ba ya ganin wannan. Na atam ne ke gani, wanda tun 1967 da shi ake ayyana sakan: bugawa 9,192,631,770 ta atam ɗin siziyam. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka saya wa irin waɗannan agogunan kujera a jirgin fasinja suka zagaya duniya da su. Da suka yi gabas, agogunan sun dawo a bayan waɗanda aka bari a ƙasa da nanosakan 59; da suka yi yamma, sun dawo a gaba da 273. A 2010 masu bincike a Amurka suka ɗaga agogo ɗaya da santimita 33 kacal, bai kai kamu guda ba, kuma bambancin ya fito.

Abu na biyu da ke taɓa lokaci shi ne gudu, wannan kuwa tun 1905 Einstein ya faɗe shi: mai gudu, agogonsa na ja baya. Biyun suna haɗuwa a taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar kowa ke dogara da su in ana neman wani lungu a Bukuru, haka ma masu safiyon filaye da cibiyar awon ƙasa ta NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, da ke Toro. Taurarin suna nisan kilomita 20,200, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun yana cinye wa agogonsu maikrosakan 7 a rana, nisan kuma yana ƙara musu 45. In an cire, saura 38 a gaba. Kamar ba komai, amma a maikrosakan 38 haske ya yi tafiyar kilomita 11, kuma da lokacin isowar saƙo ake auna nisa. Shi ya sa tun a ƙasa ake rage saurin agogon kafin a harba shi, daga megahaz 10.23 zuwa 10.22999999543 (megahaz ɗaya bugawa miliyan ne a sakan), don in ya hau sama ya yi daidai da namu.

To, tafiya zuwa gobe dai ana yin ta. Gennady Padalka, ɗan sama jannatin Rasha, ya tara kwana 878 a sararin samaniya, ya dawo ya tarar duniya ta riga shi da kimanin kashi biyu cikin ɗari na sakan. Mai son tsallake shekaru sai ya kusanci gudun haske, kilomita 299,792 a sakan. A kashi 87 cikin ɗari na wannan gudu, shekara ɗaya a jirgi shekara biyu ce a gida. A kashi 99.5, ɗaya ta zama goma. Matafiyin ba zai ji komai ya canza ba: zuciyarsa na bugawa yadda ta saba, yunwa na kama shi a kan kari, kwanansa bai ƙaru ba ko da ɗaya. Sai ya sauko ne zai ga ƙannensa sun yi furfura.

Ga inda gizo ke saƙar. Kai kilo ɗaya tak zuwa kashi 87 ɗin nan yana cin makamashin da ya kai yunit biliyan 25 na mitar wuta. A ce babban layin wutar ƙasa na ba da megawat 4,000 dare da rana ba ɗaukewa, abin da mu ma mun san da wuya, sai an tara ta kwana 260. Na kilo guda ke nan, ba a yi maganar mutum da guzurinsa ba, kuma taka birki zai ci kwatankwacin haka. Ga ƙura: a irin wannan gudu, ƙwayar yashi in ta daki jirgi bam ce.

Ana yawan haɗa wannan da abubuwa biyu da ba su ne ba. Alhajin da ya sauka a Jidda ya matsar da agogo awa biyu gaba bai tsallake komai ba, yarjejeniyar mutane ce kan yadda za a kira sa'a. Wasu kuma sukan jawo shekara 309 na Ashabul Kahfi su ce ai ga hujja. A ganina a bar aya a matsayinta. Ikon Allah ba ya jiran kalkuleta ta gaskata shi.

Komawa jiya ita ce ba a taɓa gani ba. A zuba madara a shayi a juya, ba ta sake warewa. Hanyoyin cakuɗewa sun fi na rabuwa yawa nesa ba kusa ba, kuma daga nan ne masana ke cewa lokaci ya sami gaba da baya. A takarda kam akwai kafa. Masanin lissafi Kurt Gödel ya nuna a 1949 cewa in da sararin duniya gaba ɗaya juyawa yake, da akwai hanyar da za ta maido mutum jiyansa, sai dai awo bai nuna namu yana irin wannan juyi ba. A 1988 masanin kimiyya Kip Thorne da abokan aikinsa biyu suka kawo hanyar yanke, rami mai baki biyu da ke haɗa wurare masu nisa. A ɗauki baki ɗaya a yi gudun kusa da haske da shi a dawo, sai bakunan su saɓa a lokaci. Matsalar ita ce ramin yana ruftawa nan take sai an tokare shi da makamashi mai ƙasa da sifili, wanda ɓurɓushinsa kawai ake iya samu a ɗakin gwaji. Stephen Hawking ya yi hasashe a 1992 cewa dokokin halitta da kansu za su tarwatsa na'urar a daidai lokacin da za ta fara aiki. Ko ma an gina ta, ba ta mayar da mutum baya ya wuce ranar da aka ƙera ta. Wadda aka kammala ranar Talata, iyakarta Talatar nan. Mai son ganin Jos ta zamanin haƙar kuza, da jirgin Bauchi Light Railway yana hawowa daga Zariya, ba ta da kujerarsa.