Injin haya ya ƙone mana amfili biyu a tsakiyar kakar aure

Samarin da ke fara haɗa ƙungiyar jita a Agadez sukan tambaye ni abin da ya kamata su fara saya in kuɗi ya shigo hannu. Jira suke in ce jita mai kyau. Ni kuwa injin wuta nake ce musu, da na'urar daidaita wuta, ko da jitar da suke riƙe da ita wuyanta ya fara karkacewa. Wanda bai ji abin da ya same mu ba sai ya ɗauka tsokana ce. Da gaske nake, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mu biyar ne a lokacin: ni da ƙanena a jita, ɗan yayarmu a jitar bas, mai ganguna, sai abokinmu da ke amshi yana kuma lura da wayoyi. Kiɗan da Turawa ke kira blues na hamada muke yi, wanda Abzinawa suka taso da shi, su marigayi Abdallah Oumbadougou suka kafa masa gindi a Nijar tun kasat ɗinsa na yawo a ɓoye, kafin sulhun 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Abzinawa. Muna waƙa da Tamashek da Hausa, don a Agadez ba a raba su. Mutanen waje in an ce jitar Nijar sai su tuna Bombino ko Mdou Moctar a manyan dandamali na Turai da Amurka, kuma muna alfahari da su. Amma abincin yawancinmu a gidan biki yake: aure, suna, jefi-jefi taron siyasa. Etran de L'Aïr, ƙungiyar jita ta nan Agadez, sun kafu a 1995, sun fi shekara 20 suna zagaya bukukuwan gari kafin faifansu na farko ya fito a 2018. Hanyar da kowa ke bi ke nan.

Sana'ar kuma da kakarta take. Kafin azumi ana rububin ɗaurin aure, cikin azumi kowa ya rataye jitarsa, bayan salla ƙarama da babba abin ya sake tashi. Abin da ka tara a waɗannan watanni shi zai riƙe ka sauran shekara. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 bukukuwa suka ƙara girma, don wanda ya samu yana so gari ya sani, liƙi ma ya ƙaru. A wannan tsakanin muka daure muka riƙa ajiya, har muka ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Tamanrasset ta Aljeriya saƙo ya kawo mana amfili biyu, wato na'urar ƙara sauti, na jita da na bas, da lasifika manya. Kafin nan haya muke yi, mai kaya ya yanki kasonsa tun kafin mu ga sisi. Ranar da muka fara kiɗa da namu, ƙanena bai yarda kowa ya taya shi ɗauka ba.

Bayan babbar salla aka gayyace mu aure a wani ƙauyen masu lambu wajen Tabelot, a gindin dutsen Bagzan. Manoman albasa ne, an sayar da kaya an samu, biki aka shirya na gaske. Can babu wutar gari. A al'ada akwai injin da muka sani a Agadez, shi muke hayarwa mu tafi da shi, amma dangin ango suka ce kada mu wahalar da mota, sun riga sun kama inji a wurin wani mutum na yankin. Na karɓi lambarsa na kira shi. Na tambaye shi ƙarfin injin, na tambaye shi ko akwai wani abin da za a jona ban da kayanmu da fitilu. Ya rantse mini da Allah mu kaɗai ne. Da muka isa na sa aka tada shi, na jona ƙwan fitila na tsaya ina kallo, haske bai yi rawa ba.

Bayan isha'i fili ya cika. An shimfiɗa tabarmi an bar da'ira a tsakiya, an yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Maza na shigowa bibbiyu da rawunna da manyan riguna suna juyi, mata na tafi suna rangaɗa guɗa, yara sun kewaye mai ganguna har sai an kore su. Mun shiga waƙar da ke tada kowa, ƙanena ya hau saman jita yana ja, sai na ga fitilun sun yi wani irin fari fat kamar za su fashe. Injin ya canza murya ya yi sama. Kafin in ɗaga hannu na ji ɗas a bayana, warin ƙonanniyar roba ya bugi hancina, jita ta ɗauke, bas ya ɗauke, ganguna kaɗai suka rage suna tafiya.

Na ɗauki tocila na bi waya har gindin injin. A nan na tarar da wata wayar ta biyu, an lulluɓe ta da yashi, ta zagaya bayan rumfa. A ƙarshenta firiza ce ƙatuwa cike da ruwan leda da lemo, mutumin nan yana sayar wa mahalarta, ga kuma allo an jera wayoyin hannu ana caji ana biyansa. Bayan mun fara kiɗa ya jona su. Da injin ya fara nishi saboda nauyi, sai ya ɗaure totur ɗinsa da guntun waya don kada ya mutu.

Na ce, "Malam, ba kai ka rantse mini mu kaɗai ne a kan injin nan ba?"

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, firiza ɗaya ce fa. Ƙaddara ce, sai haƙuri."

Wannan magana ta fi ƙonewar ci mini rai. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma da hannunsa ya binne wayar, don ya san in na gani ba zan yarda ba.

Mun ƙarasa daren da jitar katako, mata suka kawo turmi suka ɗaura fata aka buga tende, biki bai watse ba. Da safe gwaggon amarya ta kira ni ta biya mu cif, ta ce, "Ɗana, ba laifinku ba ne, Allah ya mayar muku da alheri." Mai inji kuwa ko dala bai bayar ba. Dattawan ƙauyen sun zaunar da mu, ya ce ba shi da shi, aka ba ni haƙuri, magana ta mutu.

Mai gyaran rediyo a Agadez, wani dattijo da muke kira Baba, shi ya fahimtar da ni yadda abin ya faru. Ƙaramin inji mai arha ba shi da abin riƙe wuta a 220. In firiza ta kama aiki sai ta ja wuta ƙasa, in ta tsaya sai nauyin ya sauka gaba ɗaya. Injin da aka bar wa totur ɗinsa zai rage gudu da kansa, wanda aka ɗaure kuwa sai ya zabura, wutar ta haura, duk abin da ke kan layin ya sha. Ya buɗe amfilin jita ya nuna mini allon ciki ya yi baƙi, wasu ƙananan kaya sun kumbura sun fashe. Ya ce wannan zai tashi in an samo kayan gyara daga Kano. Na bas kuwa ya girgiza kai, taransifomarsa ta narke.

Daga nan asarar ta fara, don a tsakiyar kaka muke. Mun koma hannun masu haya, su kuma sun san ba mu da zaɓi, suka ɗaga farashi. Ranar da aure ya yi yawa a gari sai a ba mu ragowar kaya, lasifika mai tsagaggiyar takarda da makirfo mai kuka. Wanda ba ya sana'ar zai ce ai dare ɗaya ne. Kowane biki yanzu akwai wayoyi a sama suna ɗauka, kafin gari ya waye bidiyon ya kai Arlit da Tawa da Yamai ta WhatsApp. Mdou Moctar ma ta katin waya waƙoƙinsa suka fara ƙetare iyaka, hannu zuwa hannu. Yadda waya ke ɗaga mutum haka take kada shi. Matan da ke yanke shawarar wa za a kira, iyaye da gwaggonnin amare, ba ruwansu da labarin firiza, abin da kunnensu ya ji shi ne kiɗan su wane ya lalace. Wani babban aure a Arlit, tafiyar kilomita 240, da bakina na ce a ba wata ƙungiya, don na gwammace a rasa kuɗin da mu je mu zubar da sunanmu. A watan Satumba mun je taron makiyaya na Ingal, inda kowa ke zuwa a gan shi, muka yi kiɗa da kayan aro muka dawo ba wanda ya nemi lambarmu.

Abin da ya fi yi mini ciwo ɗan yayarmu ne. Yana da mata da ƙaramin yaro, kason da muke rabawa ya daina kai shi ƙarshen wata. Ya ce zai je Cibarakaten haƙar zinariya, in abubuwa sun daidaita ya dawo. Yaron da tun yana ƙarami yake zama gefenmu, wanda ya san inda zan juya waƙa tun kafin in juya. Har yanzu bai dawo kiɗa ba. Mun sami wani, yana da hannu, amma in na waiwaya dama ina kiɗa ba shi nake nema ba. Duk a kan ribar ruwan sanyi na dare ɗaya.

Da muka fara farfaɗowa sai muka sauya rabo. Kuɗin biki kashi shida muke yi, na shidan na kaya ne, ba mai taɓa shi ko salla ce ta zo. Da shi muka sayi injinmu mai riƙe wuta da kansa, muka ƙara na'urar daidaita wuta tsakaninsa da amfili, da ɗan ma'aunin wuta da nake sawa a aljihu. Sai bayan waɗannan muka sayi amfilin bas, na hannu. Manmu muke tafiya da shi, in ta kama mu sayi na kwalba a hanya sai mun tace shi da ƙyalle saboda yashi. Inji ake fara tadawa, a bar shi ya nutsu, a auna, amfili ne ƙarshen kunnawa kuma shi ne farkon kashewa. Waya doguwa muke ja don ƙarar injin kada ta shiga makirfo, kuma duk tsawonta a sarari take inda ido ke gani. Muna ɗaukar yaro guda da aikinsa kawai ya zauna gindin inji har a tashi, don a kowane biki sai an sami mai cewa don Allah minti biyar zai sa wayarsa. Ko uban ango ne, haƙuri ake ba shi.

Ko cikin gari ma, inda akwai wutar layi, ba na jona kaya kai tsaye, don lokacin zafi ana ɗaukewa ana dawowa, kuma dawowar ce ke kisa. Masu biki kan ce suna da inji don a rage musu kuɗi. Tun wajen karɓar kafin alƙalami nake faɗa musu da namu za mu zo, kuɗin mai yana ciki. Wasu sun ga tsada sun tafi wurin wasu, ban bi su ba.

Mutumin nan har gobe yana ba da hayar injinsa a yankin. Duk ƙungiyar da ta ce mini za ta wajen Tabelot sai na kwatanta mata shi. Kwanan baya wasu yara masu tasowa suka sami aure a can, ba su da inji, ranar kuma ba mu da aiki. Na ba su namu kyauta, suka zuba mai, na haɗa su da ƙanena ya zauna musu gindinsa har aka tashi.