Sunansa ya isa

Ina Ibadan a Fabrairun 2021 lokacin da aka ƙona kasuwar Shasha. Daga cacar baki tsakanin mutum biyu-uku abin ya taso, amma nan da nan labari ya karaɗe wayoyi wai Bahaushe ya kashe Bayarabe. Da idona na ga buhunan albasar maƙwabcina sun zama toka, bawan Allahn da ko wurin faɗan bai leƙa ba.

Shi ya sa nake ganin bai kamata 'yan jarida su riƙa ambaton ƙabilar mai laifi ba. Ni ban ce a rufa masa asiri ba. In kotu ta same shi da laifi, 'yan jarida su faɗi sunansa, su buga hotonsa. Amma ƙabilarsa ko ƙasarsa, me ta ƙara wa labarin? Har yau in na ga "Fulani makiyaya" a kanun labarai gabana faɗuwa yake, domin mai tallar nonon unguwarmu ce za ta kwana cikin zullumi.